Mutum ɗari biyu da goma sha biyu

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025

Sati na biyar a ofishin ƙungiyar manoman hatsi, Funtua. Yau Alhaji Kabiru, sakataren ƙungiya, ya ba ni aikin da yake nawa ni kaɗai. Litinin mai zuwa Mannir, injiniyan kwamfuta, zai zo daga Kaduna ya goge tsohuwar kwamfutar ofis, ya ɗora sabuwar manhaja. Kafin nan in rubuta duk abin da ke cikinta, in sa hannu cewa ba a bar komai ba.

Wannan kwamfuta ce ke fitar da sunayen manoman da za a ba irin masara kafin ruwa ya sauka. Wanda ba ya cikin jerin, bana ba shi da iri.

Malam Gwadabe ne ya haɗa komai shekara shida da suka wuce. Ya yi ritaya bara, bai bar ko shafi ɗaya na bayani ba. Na sayi sabon littafi mai bango mai ƙarfi.

Talata, 8 ga Afrilu

Babbar manhajar sunanta R, siga 3.6.3. Ƙananan manhajoji 41, na rubuta kowace da lambar sigarta. Fayil ɗin umarni guda tara. Na bi jerin sau biyu, na tarar na rubuta 1.0.2 a inda yake 1.0.7. Na gyara. Har la'asar ina ta sake dubawa, a kan lamba ɗaya.

Jerin bana: manoma 3,184.

Laraba, 9 ga Afrilu

Na kwashe komai a filashi, na gwada a kwamfutata don in tabbatar abin da na rubuta ya isa. Ta fitar da 2,972.

Na sake. 2,972. Na koma tsohuwar, 3,184. Fayil iri ɗaya, siga iri ɗaya. Mutum 212 sun ɓace tsakanin tebur da tebur.

Ban gaya wa kowa ba. Wataƙila ni ne.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Ba ni ba ne. Akwai ɓoyayyen fayil da tsohuwar ke karantawa da zarar an buɗe manhajar, ba ya cikin jakar fayilolin aiki, shi ya sa ban kwaso shi ba. Layi takwas ne kacal. Sunayen unguwanni shida na wajen Gozaki, da umarni ɗaya: a waɗannan wurare, in lambar gida ta maimaitu kada a goge. Ko'ina kuwa gogewa ake yi, tunda ƙa'ida gida ɗaya gona ɗaya. Babu dalili a rubuce.

Na nuna wa Alhaji. Ya ce ai shi ke nan, mun kama masu karɓar iri sau biyu, dama Gwadabe ya cika tausayi. Ya kira Mannir a gabana, Mannir ya ce sabuwar manhaja za ta share irin wannan da kanta. Alhaji ya ce in rubuta “kuskure” a gefensa in wuce.

Na ce to. Ban san me ya sa nake saurin cewa to ba.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Ban rubuta ba. Ban san kuskure ne ba, ta yaya zan rubuta?

Asabar, 12 ga Afrilu

Motar Malumfashi, daga nan ɗan acaba zuwa Gozaki. Na samu Malam Gwadabe a gindin ɗorawa yana gyaran garma. Na buɗe littafi zan fara karanta masa layukan, ya ce in rufe, ya san su. Ya tambaye ni ko na taɓa shiga gidan Maguzawa. Na ce a'a. Ya ce to hau babur.

Gidan wani dattijo Maitama, rumbuna biyar a tsakar gida. Gwadabe ya ce in ƙirga, tunda ƙirga na karanta. Babban na gandu ne, gonar da duk gidan ke yi wa aiki. Sauran huɗun na gayauna ne, gonar da mace ko ɗa ke nomawa don kansa. Takardar rajista kuwa gurbi ɗaya ta bayar na lambar gida. To gona biyar, lamba ɗaya.

Matar Maitama, Hansai, tana sussukar dawa. Ta ƙi tsayawa don ni. Gwadabe ya ce mata ga ɗan ofis ya zo, kwamfuta na son haɗa gonarta da ta mijinta. Ta dube ni sama da ƙasa.

“Ɗan nan, ita kwamfutar ta taɓa riƙe fartanya?”

Na ce a'a, Inna.

“To gaya mata masarar Maitama daban, tawa daban. Shi kansa in yana so sai ya roƙa.”

Maitama daga zaune ya ce wallahi gaskiya ta faɗa, kuma ba kullum ake ba shi ba. Aka yi dariya, har ni. Ta ce da irin bara ta cika rumbunta, bana kuma ta ƙara share wani gefe, tana jira.

A hanyar dawowa na tambayi Malam Gwadabe me ya hana shi rubuta dalili. Ya ce ya zaci kowa ya sani. Na ce Malam, ko Alhaji bai sani ba.

Na ga unguwa ɗaya da idona. Sauran biyar a bakinsa na ji. Haka zan rubuta, ba ƙari.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Shafi uku na yi a kan layi takwas. Na ware 212 ɗin ɗaya bayan ɗaya: mata 171, maza 41. Babu suna ɗaya da ya maimaitu, lambar gida ce kawai.

Na yi ta gwada yadda zan faɗa wa Alhaji. Duk yadda na jera maganar sai ta fito kamar ina cewa ya yi kuskure. To ya yi ɗin.

Litinin, 14 ga Afrilu

Mannir ya iso ƙarfe goma da kwata, yana so ya koma kafin magariba. Alhaji ya miƙo takardar sa hannu. Na ba shi shafuka ukun. Ya karanta na farko a tsaye, ya ce Zakariya, wannan dogon turanci ne, a yi aikin tukuna sai mu duba.

Na ce ba zan sa hannu ba sai sabuwar ta fitar da 3,184 a gabanmu, kuma kafin nan kada a goge tsohuwar.

Mannir ya ce hakan na nufin ya kwana Funtua. Na ce akwai katifa a wurina. Alhaji ya zauna, ya karanta shafi na biyu da na uku. Ya tambaya ko Hansai matar Maitama ce, mai tsiwar nan. Na ce ita ce. Ya ce ko don kada ta zo ofis, a yi yadda yaron ya ce.

Mannir ya ɗora sabuwar a kwamfutata. Gwajin farko 2,972. Ya rubuta ƙa'idar gayauna a fili cikin babban fayil, da bayani a samanta. Ƙarfe biyar da minti ashirin: 3,184. Na duba sunayen 212 ɗin, suna nan. Gobe za a goge tsohuwar.

Muna cin tuwo Mannir ya tambaye ni wa ya ba ni izinin tsayar da aiki. Na ce babu wanda ya ba ni.

Na sa hannu ƙarfe shida saura biyar. Sau ɗaya na karanta takardar, ban sake dubawa ba.