Igiyar Hodi

Zauro, Birnin Kebbi, ranar Lahadi

Zuwa ga Kawu Dankure, Argungu.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Inna Kulsumi, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Tunda wayarka ta faɗa gulbi ka rantse ba ka sayen wata, to sai takarda. Ummi ta karanta maka, ta yi haƙuri da rubutuna.

Kawu, iri ya isa dashe a gonar shinkafarka, ga 'yan ƙwadago sun yi wuya. Na samu wani baƙo, Hodi, mutumin Gaya ta Nijar, na sauke shi a zauren gidanka na nan. Hausarsa guntu-guntu ce, amma ya san laka. Yana da wata igiya mai ƙulli-ƙulli. Sai mu ja ta daga wannan bakin fangalin shinkafa zuwa wancan bakin, kowane ƙulli a dasa tsiro ɗaya tak, ba yadda muke cusa biyar ko shida ba. Kwana huɗu munka gama. Rabin irin ma ya yi saura.

Ka huta lafiya.
Ɗanka, Sadisu

Argungu, ranar Laraba

Sadisu,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, ban da raina. Atiku maƙwabcin gonata ya zo kasuwa, ya ce kowa ya wuce sai ya tsaya ya yi dariya, wai gonar ta koma kan mai sanƙo. Tsiro ɗaya! Uban wa ya taɓa cika buhu da tsiro ɗaya?

Kuma ya ce baƙin nan sun cika fadama, sun karya wa yaranmu kuɗin aiki. Namu na zaune, na wani gari na cin tuwo a zaurena. Ka sallame shi kafin Juma'a. In ba ka iyawa, in karɓi gonar in ba wanda ya iya.

Kawunka, Dankure

(Yaya, Baba ya ce in danna biro sosai don ka san da faɗa yake. Ummi.)

Zauro, ranar Asabar

Kawu, Allah ya huci zuciyarka. Na ga dannin biro, har ya huda takarda.

Juma'a ta wuce, Hodi na nan. Ba taurin kai ba ne, sati uku nake roƙo. In gonar ba ta rufe ba, da ni da shi mu tattara.

Atiku bai yi ƙarya duka ba. Akwai baƙin da ke karɓar abin da anka ba su ko kaɗan ne, samarinmu kuma suna jin zafi, kuma da gaskiyarsu. Shi ya sa na biya Hodi daidai da ɗan gari. Nu'uman, wanda ya fi kowa kumfar baki, shi na ɗauka riƙon ɗaya bakin igiyar. Ranar farko ba su yi magana ba. Yanzu kwano ɗaya suke ci. Riskuwa mai waina kuwa ta ce duk wanda ya kori baƙi ya zo ya cinye mata ƙullu, don tun zuwansu ba ta komawa gida da saura.

Abin da Atiku bai gaya maka ba: ruwa ya cinye nashi irin. Sauran namu na ba shi ya dasa. Ya karɓa yana kallon wani gefe.

Sannan Kawu, gurar da kake kama tarwaɗa da ita, ba kai ka ba ni labari masuntan Mali sunka zo da ita ba? Ka ce har dariya kunka yi musu. Tambaya ce kawai.

Ɗanka mai biyayya, Sadisu

Argungu, ranar Litinin

Sadisu,

Gura daban, shinkafa daban. Sati uku, ko yini ba na ƙarawa.

Dankure

(Ya yi dariya, amma ya ce kar in rubuta. Ummi.)

Zauro, ranar Talata

Kawu, barka da hutawa.

Sati uku sun cika jiya. Ba zan yi dogon bayani ba. Direban da ya kawo takardar nan zai ba ka leda, a ciki akwai gindin shinkafa guda da na tumɓuke da lakarsa. Tsiro ɗaya ne. Ka zauna ka ƙirga 'ya'yan da ya yi. Ni na samu ashirin da bakwai, Nu'uman ya ce da takwas.

Sanƙo ya rufe. Cire ciyawa ma tsakanin layi kamar tafiya a titi.

Yanzu ga matsala. Atiku na da wani fegi da bai dasa ba. Jiya ya zo da goro, yana kiran Hodi “malam”, wai ya koma gidansa da zama, ɗaki har da katifa. Na ce sai na ji daga bakinka, tunda umarninka na sallama na nan. In sallame shi?

Ɗanka, Sadisu

Argungu, ranar Laraba

Sadisu,

Talatin ne. Ku biyu ba ku iya ƙirga ba.

Ka gaya wa Atiku ya riƙe katifarsa, Hodi baƙona ne. Ga bandar kifi nan a ba shi. Ranar Asabar ka sako shi mota, akwai gonar Innarka a nan. Kar ya manta igiyar.

Allah ya yi maka albarka.
Kawunka, Dankure