Rasuwar Dokta Abdulkahar Gwadabe da Makomar Littafin Sunaye Arba'in da Ɗaya

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Ma'aikatan Lafiya 'Yan Arewacin Nijeriya Mazauna Jidda ta samu labarin rasuwar uban ƙungiya kuma tsohon shugabanta, Alhaji Dokta Abdulkahar Gwadabe, wanda Allah Ya yi wa cikawa da hantsin Talata, 14 ga Janairu, 2025, daidai da 14 ga Rajab, 1446, yana da shekara hamsin da shida. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

An haifi marigayin a Kazaure, ya yi karatun likita a birnin Kharkiv na ƙasar Yukren daga 1988 zuwa 1995, ya zo Jidda a 2009. Shekara goma sha biyar ya yi yana duba marasa lafiya a wani asibiti a unguwar Sharafiyya, kuma 'yan uwanmu na unguwar Nuzla shaida ne cewa bai taɓa tambayar mai ciwo iƙama, wato takardar izinin zama, ba kafin ya tambaye shi inda ke masa ciwo.

Bayan ɓarkewar yaƙi a Yukren ranar 24 ga Fabrairu, 2022, marigayin ya buɗe wani littafi da yake rubuta sunayen malamansa da abokan karatunsa da maƙwabtansa da yaƙin ya ci, har suka kai arba'in da ɗaya. Ranar 24 ga kowane wata, bayan la'asar, yakan buɗe falonsa a unguwar Waziriyya ya karanta sunayen, ya biyo da rubutattun waƙoƙin Yukren a harshensu da kuma fassarar da ya yi musu da Hausa, sannan ya kaɗa bandura, abin kiɗan gargajiyarsu mai tsarkiya fiye da hamsin. An yi wannan zama sau talatin da huɗu.

Ƙungiya ta ga sanarwar da 'yan Yukren mazauna Jidda suka fitar awa uku kafin ma labarin ya iso ga sakatarenmu, inda suka kira marigayin ɗansu har sau biyar. Muna gode musu, amma muna tunatar da jama'a cikin ladabi cewa Dokta namu ne, da Hausa ya yi fassarar, kuma saboda mu ya yi ta. Sai dai gaskiya ba ta bari mu tsaya nan ba. Mun duba takardar da masu halarta ke sa hannu: ba a taɓa samun 'yan Yukren ƙasa da goma sha biyu ba, mu kuwa ba mu taɓa wuce uku ba, kuma a zama goma sha tara babu ko mutum ɗaya daga cikinmu. Wasu sun ce aiki ne ya hana su, wasu kuma ba su natsu da haɗa kiɗa da tuna mamaci ba, ƙungiya kuwa ba ta yanke wa kowa hukunci. Su ne suka riga mu zuwa asibiti, su ne suka san waƙar da ya fi so, har ɗansa Yazan a hannunsu ya koyi kaɗa bandurar. Ba za mu ɓoye cewa wannan ya yi mana zafi ba.

Wuri ɗaya kawai muka riga su. Da aka ɗauki gawar zuwa Makka, motocinsu huɗu suka biyo mu har shingen Shumaisi, inda wanda ba Musulmi ba yake juyawa. Suka fito suka tsaya a bakin hanya cikin rana, mu muka wuce da shi.

Bayan zaman makoki, ƙungiya da 'yan Yukren kowa ya nemi a ba shi littafin da bandurar. Uwargidan marigayin, Hajiya Maijidda, ta ba da bandurar ga shugabar 'yan Yukren, Sista Halina, ma'aikaciyar jinya, domin ita ta iya kaɗawa. Littafin kuwa ta bar mana bisa sharaɗi guda: ranar Juma'a, 24 ga wannan wata, ɗan ƙungiya ya tashi a falon nan ya karanta sunayen duka daidai, in ba haka ba, a cewarta, shi ke nan, littafin ya bi bandurar. Kwamitin zartarwa ya gwada jiya, babu wanda ya wuce suna na shida.

Muna roƙon Allah Ya jiƙan Dokta, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarsa, Ya ba Hajiya Maijidda da 'ya'yansa Yazan da Abir da dangi na Kazaure haƙurin jure wannan babban rashi. Amin.

Ana sanar da mambobi cewa ƙungiya ta roƙi Sista Halina ta koya mana furta sunayen, kuma ta amince ba tare da ta yi mana gori ba. Za a fara gobe Lahadi bayan la'asar a Waziriyya. Kowa ya zo da biro.

Sa hannu:
Ɗayyabu Zaharadden
Jami'in Hulɗa da Jama'a
Asabar, 18 ga Janairu, 2025