Abin da Aka Faɗa a Da'ira

Anti Beryl,

Ki taimake ni da shawara, amma in haƙuri za ki ce in je in bayar, gara ki adana tawadarki.

'Yata Adina ita ce madrika, wato jagorar ƙananan yara a ƙungiyar matasanmu ta Yahudawa nan Johannesburg. Kowace Lahadi takan zaunar da su a ƙasa su yi da'ira, ta jefa tambaya, su yi ta musu. Ni tun farko tsarin bai kwanta min ba. A gidan da na tashi, babba ke magana yaro ya saurara. Su kuwa jagora ko ra'ayinta ba ta faɗa, sai dai ta tambayi yaro shi me ya gani. Doka guda tasu nake girmamawa: abin da aka faɗa a da'ira, a nan yake tsayawa.

Ana tattauna bar mitzva, ranar da yaro zai tsaya gaban jama'a ya karanta Attaura, sai wani yaro Eitan ya faɗi wata magana ya fashe da kuka. Tun daga nan ya ƙi komawa darasinsa na shirin bar mitzva. Ubansa Mista Joffe yana kwamitin iyaye. Ya kira Adina ya ce ko ta gaya masa abin da ɗansa ya ce, ko ta manta da jagoranci a sansanin hutun yara na Disamba, abin da take jira tun tana ƙarama. Ta ƙi. Ni ma na tsare ta a kicin, ni da na haife ta, ta ƙi. Na ji haushi, daga baya na ji daɗi.

Ran Asabar a majami'a, ana cin kifi da biskit bayan addu'a, Mista Joffe ya zo yana ce min wai na goyi mai taurin kai. Na ce masa, gaban Rabbi, malaminmu, abin da yake nema sunansa lashon hara, yawo da maganar mutane, kuma ya san haramun ne. Na ƙara da cewa uban da ɗansa ya gwammace ya yi kuka gaban yara da ya yi gabansa, ba 'yata ce matsalarsa ba. Mijina Selwyn ya ce na zubar mana da mutunci. Ni ban ga abin da ya zube ba. Amma kwamiti zai zauna kan maganar, kuma Adina ta daina cin abinci.

Uwar da ba ta lanƙwasuwa, Glenhazel

Ƙawata,

Adina ta yi daidai, kuma tarbiyyarki ce. Sai dai amanar da'ira tana da iyaka: in yaron yana cikin haɗari, dole shugaban ƙungiya ya sani yau. Ki tambaye ta wannan kaɗai, e ko a'a.

Shi kuma Mista Joffe, barazanarsa ba ta da kyau, amma tsoro ne ya sa shi. Ke ma kin tsare ta a kicin, alhali ba ɗanki ne ya yi kukan ba. Sannan ki duba: kin kafa masa hujja da lashon hara, kika kunyata shi gaban jama'a, wanda shi ma haramun ne. Jumlarki ta biyu, ta kukan ɗansa, ita za ki janye, ita kaɗai. Ta farkon ki bar ta inda take.

Adina ta samu Eitan ta tambaye shi ko zai yarda ya yi magana da ubansa, tana zaune kusa. Bakinsa ne zai buɗe maganar, ba nata ba. A kwamiti kuma ki bar ta ta yi bayani da kanta. In sun cire ta don ta riƙe amana, su za su ji kunya, kuma su gaya mana yaron da zai sake buɗe baki a da'ira.

Ki raka ta, ki zauna a baya, ki kama bakinki. Na san wannan zai fi miki azumi wuya. Allah ya ba ku nasara, ki kuma sa ta ci abinci.

Anti Beryl