Kwamfutar da Ba Ta Jin Kwatance

Litinin, 4 ga Maris

Sun kawo kwamfutocin. Don Norlan, manajanmu, ya tara mu a ɗakin karɓar kira yana ta washe baki, wai daga wata mai zuwa ba sauran biro da takarda, duk wanda ya kira neman motar asibiti a allo za a shigar da shi. Na tsufa a kujerar nan, waya a kunne ɗaya, oba-oba a ɗayan, ban taɓa ɓatar da mota a birninmu Managua na Nicaragua ba. Yanzu ne za a koya mini aiki.

Har da 'yar rakiya. Wata siririyar yarinya daga kamfanin da ya sayar musu da manhajar, Yahoska Berríos, aka ajiye mata kujera a bayana. Wai aikinta ta ga yadda muke yi, ta gyara abin ya dace da mu. Na ce, “'Yar nan, in kallo kika zo yi, ga ƙeyata.” Ta yi dariya. Ni ban yi ba.

Alhamis, 7 ga Maris

“Doña Azucena, me ya sa kika yi kaza?” Tun safe. Me ya sa, me ya sa. Na ce saboda haka ake yi.

Talata, 12 ga Maris

An fara gwaji da kira na gaske. Wani ya kira, mahaifiyarsa ta faɗi a banɗaki. Na ce ina ne? Ya ce daga inda sinima take a da, layi biyu wajen tabki, gida mai shuɗiyar ƙofa. Na gane nan take. Kwamfuta fa? Sunan titi take so da lambar gida, in ba ka cike ba ba za ta matsa ba. A garin nan! Sinimar ma girgizar ƙasa ta rushe ta tun ina 'yar firamare. Na ture madannan gefe, na ɗauki oba-oba na kira Yader direba, ya tafi.

Don Norlan ya leƙo, wai duk kiran da bai shiga allo ba kamar ba a yi shi ba ne. Na ce to ya je ya faɗa wa tsohuwar da ke kwance a ƙasa.

Da ya fita yarinyar ta matso. “Na faɗa musu tun kafin a kawo. A waje aka rubuta manhajar, can kowane gida da lambarsa. Ni ma a unguwar San Judas na girma, Doña, gidanmu bayan bishiyar da aka sare yake.” Na ce to me ya hana ki gyarawa? Ta ce sai ta kai musu shaida, shi ya sa take zaune a bayana. Shaida. Ni ce shaidar ke nan, kamar akuyar gwaji.

Juma'a, 15 ga Maris

Zafi kamar a tanda, fanka ɗaya ta mutu. Akwai kuɗin kwamfuta, babu na fanka.

Laraba, 20 ga Maris

Ba na son rubuta wannan.

Wani birkila ya faɗo daga saman gini. Allon ya jero motocin da ke kusa, da wannan ƙaramin rubutu nasu mai launin toka. Na karanta lambar motar sha uku, na tura sha uku. Ashe sha takwas ce ke kusa, sha uku tana can wani gefen gari. Mutumin ya daɗe a ƙasa cikin rana yana zubar da jini. Yana da rai, Yader ya ce ƙafar ce ba a sani ba tukuna.

Laifin allon ne. Na faɗa da ƙarfi kowa ya ji.

A nan kuwa, tunda ba mai karantawa: tun bara ƙananan haruffa suke yi mini rawa. A takarda ba matsala, rubutuna ne, manya nake yi. Ba wanda ya sani, ko ɗiyata. Don Norlan neman hanya yake ya sallami tsofaffinmu ya ɗauko yara masu saurin yatsa.

Yahoska ta ga lokacin da na kai fuskata jikin allon. Na san ta gani.

Alhamis, 21 ga Maris

Na tare ta wajen mai sayar da quesillo, gurasar masara mai cuku da kirim, a ƙofar ofis. Na ce, “Me kika kai musu a kaina?”

“Cewa rubutun ya yi ƙanƙanta, launinsa ba ya fita, uku da takwas kamar tagwaye suke.”

“Kar ki raina mini hankali. Idona fa?”

“Ba ido aka aiko ni gyarawa ba, allo ne. Allon da zai sa mutum kuskure yana cikin gaggawa, lalatacce ne, ko idon wa ke kallonsa.” Ta lashe kirim ɗin da ya zubo mata a yatsa, sannan ta ƙara, “Amma ki je a duba ki, Doña. Wannan ba zan iya yi miki ba.”

Ji rashin kunya. Na haifi wadda ta girme ta! Na bar mata wurin, ko sauran canjina ban tsaya karɓa ba.

Lahadi, 24 ga Maris

Coci. Na kunna wa birkilan kyandir. Ban san sunansa ba ma.

Talata, 2 ga Afrilu

An dawo daga hutun Ista, aka yi taro. Shugaban Yahoska na kamfani ya zo, wani mai ƙamshin turare, shi da Don Norlan sun gama shiri ranar Litinin za a kwashe takardu gaba ɗaya. Yahoska ta miƙe ta ce ba za ta sa hannu ba. Sai an buɗe gurbin kwatance, an ƙara girman rubutu, an daina tsare mutum da tambayoyi kafin ya tura mota. Shugaban ya yi murmushi ya ce manhajar tana aiki a ƙasashe da yawa, horo kawai ma'aikata suke buƙata. Ta ce, “Wanda ke zubar da jini ba zai jira mu gama horo ba.”

Don Norlan ya ɗauko maganar birkila yana kallona, wai wannan ai ba laifin kwamfuta ba ne. Kafin in buɗe baki Maryuri, ƙaramar cikinmu, ta ce ita ma ta taɓa rikita lambobin nan, Allah ne ya sa ta ankara. Yahoska kuwa ba ta ko kalle ni ba.

Alhamis, 4 ga Afrilu

Kujerar bayana ba kowa. Sun cire yarinyar daga aikin, wai tana jan ƙafa.

Ya kamata in ji daɗi.

Litinin, 8 ga Afrilu

Na zo da tawul huɗu daga gida. Na rufe allona, na miƙa wa Maryuri da sauran abokan aikinmu biyu, suka rufe nasu. An kwashe takardun, to mun zo da namu. Ko kira ɗaya bai faɗi ba.

Don Norlan ya shigo kamar zai fashe. “Doña Azucena, mene ne wannan?”

“Tawul.”

“Kin san zan iya sallamarki yau ɗin nan?”

“Sallame ni. Ga kujera, ga waya tana ƙara, bismillah.”

Wayar kuwa tana ta ƙara. Ya kalle ta, ya kalle ni, ni na ɗauka. Na ce masa tawul ba zai tashi ba sai an dawo da yarinyar ta ƙarasa abin da ta fara. Ba don ina sonta ba. Ba na tura mota da abin da ban yarda da shi ba, shi ke nan.

Yader ya ji labari ta oba-oba. “Uwa, an ce kin yi wa kwamfuta lulluɓi. Mutuwa ta yi ko aure?” Na ce ya kula da titi, ɗan banza.

Laraba, 10 ga Afrilu

An dakatar da ni har ƙarshen mako. Maryuri ta kira, tawul na nan daram, direbobi ma sun ce ba za su amsa saƙon allo ba sai murya. Ina wanke shinkafa ina ta lissafi. Idan aikin nan ya tafi, wa zai ɗauki mace mai shekaruna?

Ba zan kira Don Norlan ba. Shi zai kira.

Litinin, 15 ga Afrilu

Shi ya kira.

Yahoska ta dawo. Ba ta yi mini godiya ba, na kuma ji daɗin haka. Cewa ta yi kawai, “Doña, faɗa mini duk wuraren da babu su amma ake kwatance da su.” Muka wuni. Tsohon gidan mai, kantin ɗan Chinan nan da ya ƙone, bishiyarsu da aka sare. Ta yi mini gardama a kan biyu, a ɗaya ita ce da gaskiya.

Juma'a, 26 ga Afrilu

Tabarau. Likitan ya ce akwai yanar ido a na hagu, sai an yi aiki nan gaba. Na ce wa 'yan ofis na ado ne.

Talata, 21 ga Mayu

Ruwan farko, kamar da bakin ƙwarya. Magudanai sun cika, waya ba ta huta ba. Wata mata ta kira tana ihu, ruwa ya ja ɗanta an ciro shi ba ya numfashi. Kwatancenta a hargitse, ina bugawa yadda take faɗa, wurin ya fito, motar da ke kusa ta fito da manyan baƙaƙe. Na tura ta ban gama jin sunan matar ba. Sai na samu bakin koya mata yadda za ta danna ƙirjinsa har suka iso. Ya yi tari. Na ji da kunnena.

Da aka lafa mai gyara ya zo zai kashe kwamfutoci ya sabunta wani abu. Maryuri ta rantse wai na buge masa hannu na ce kar ya taɓa mini allona. Ƙarya take. “Allon” na ce, ba “allona” ba.

Har yanzu ƙarar da yake yi idan kira ya shigo ba ta yi mini ba, kamar kukan kaza. Na kira Yahoska na faɗa mata. Ta ce ranar Asabar za su zauna a kamfani a kan sauti, ko zan zo in faɗa da bakina? Na ce ni ba ma'aikaciyarsu ba ce, zan dai duba.

Na goge shuɗiyar rigar. Dama tana buƙatar guga.