Ki Bar Mata Su Yi Kala

Zuwa ga aminiyata Rabi'atu, a can ƙetaren Bahar Maliya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara, ina sanar da ke cewa Gadarif tana nan, mu ma muna nan, gwargwadon yadda yaƙi ya bar mu. Na rubuto miki a bainar jama'a ne saboda saƙonnina na waya kina buɗe su, ba kya amsawa.

Damina ta ɗauke. Baƙar ƙasarmu ta fara tsagewa. Da la'asar nakan tsaya a ƙofar makarantar da nake koyarwa, ina kallon lorori suna shigowa daga Simsim da buhunan dawa, sai hankalina ya bi ƙurarsu ya koma baya.

Ina ganin mu muna 'yan jami'a, a bayan lorin mahaifinki, tsakiyar damina, dawa kore shar har inda sama ta sauko ta taɓa ƙasa. Iska tana wasa da tobinki, lafayar da kika yafa. Kika miƙe tsaye kika nuna gonar da hannu biyu, kika ce, "Duk wannan sata ce, Hajara, kuma ni ce 'yar ɓarawon." Leburorin da ke zaune kan kaya suka yi ta dariya. Wani ya ce in da gaske kike, a fara rabon da takalmanki.

A bakinki na fara jin kalmar gurguzu. Ni 'yar mai yankan riɗi, ke 'yar mai mashru'u, gonar da tarakta ke wuni ba ta kai ƙarshenta ba, amma ke ce mai littattafai a ƙarƙashin katifa. Ke kika fahimtar da ni dalilin da ya sa babana ya ƙare rayuwarsa yana yanka riɗi, mu kuwa muna sayen mansa a ludayi. Kafin nan ina tsammani haka Allah Ya yi mu.

Kin tuna Mafaza? Muka zauna a yashin kogin Rahad, ƙafafunmu cikin ruwa, kina zana mini da tsinke ƙasar da za mu gina. Rumbu ɗaya babba a tsakiyar kowane gari, tarakta ta kowa, asibiti babu mai gadi a ƙofa. Na tambaye ki wa zai wanke kwanuka a wannan aljannar taki, kika ce maza. Ruwa ya zo ya lashe zanen, mu kuwa ba mu damu ba, don mun haddace shi.

Mahaifinki, Allah Ya jiƙansa, ɗan jari-hujja muke kiransa a bayan idonsa, kuma shi ɗin ne. Amma duk shekara idan injin girbi ya wuce, yakan bar gonar a buɗe mata su yi kala, su tsince zangarniyar da injin ya zubar, kafin a saki dabbobi. Yakan ce, "Abin da ya faɗi ƙasa ya fita daga rabona." Da wannan kalar Innata ta riƙa yi mana kisra, wainar dawarmu, har zuwa bazara. Ba yabonsa nake ba. Ragowa ce, ke kanki kin sha faɗa cewa ana jefa wa talaka ragowa ne don kada ya tambayi inda tukunyar take. Amma ragowar tana cika ciki.

Yanzu gonar taki ce, Rabi'atu. Wakilinki ya sayar wa wani dillalin dabbobi da karan, da duk abin da ya zuba a ƙarƙashinsa, ya sa mai gadi da bulala. Wai idan mata suka tsince dawar, farashin karan zai faɗi.

Rabin azuzuwan makarantarmu iyalan da yaƙi ya koro ne ke kwana a ciki. Cikinsu akwai Ummu Salama, tela ce daga Omdurman, ta baro kekenta da gidanta, ta iso da jikoki. Bahausa ce irinmu, kakarta ta ba ta labarin kala, don haka ta tara mata suka bi lori zuwa gonarki a Simsim. Sun wuni a sunkuye. Mai gadin ya bari sai da buhunta ya cika, sannan ya sa wuƙa ya farke shi, dawar ta koma ƙasa. Ta dawo tana riƙe da buhun, ta roƙe ni allura. Ina kallo ta ɗinke shi, ɗinki mai kyau, irin na gwanaye.

Na san abin da ake faɗa a falon da kike zama yanzu, wai gurguzu ya mutu. To a binne gwamnatocinsa da kurkukunsu, ba zan je ta'aziyya ba. Amma tambayar da kika dasa mini ba ta mutu ba, kullum tana tsaye a ƙofar ajina da buhu a hannu. Wakilinki ba mugu ba ne, a sahun gaba yake salla. Aikinsa kawai yake yi a cikin tsarin da ba ya iya ganin ƙwaya a ƙasa bai manna mata farashi ba. Ke kika koya mini cewa haka jari yake, ba ya ƙoshi, kuma ba ya buƙatar mugu, mai biyayya ya ishe shi. Ban taɓa zaton za ki zama misalin darasinki ba.

Duk da haka, wallahi, idan na rufe ido ba fushina nake gani ba. Ke nake gani, kina tafe a cikin kara da rana tsaka, tobi a ɗaure a ƙugu, mata a bayanki, kowace tana raira waƙar garinsu, ƙura tana tashi kamar hayaƙin turare. Ina kewarki, 'yar'uwa. Babu wanda nake faɗa da shi ya yi mini daɗi tun da kika tafi.

Ba gonar na ce ki raba ba, na riga na wuce nan. Waya ɗaya za ki buga wa wakilinki, ya bar mata su yi kala. Dillalin zai saki garkensa bayan Juma'ar makon gobe, daga nan sai kashin raƙumi. Don haka ranar Asabar ɗin nan zan shiga lori da Ummu Salama da sauran matan, kin buga ko ba ki buga ba. Idan wakilinki ya kira 'yan sanda, za su kama malamar makaranta tana tsintar dawa a gonarki, kuma idan aka tambaye ni wa ya zuga ni, sunanki zan faɗa.

Allah Ya kashe wutar da ke cin ƙasarmu, Ya mayar da kowa gidansa. Allah Ya jiƙan iyayenmu, mai gonar da mai yankan. Ya tausasa zuciyarki kafin Asabar, Ya dawo mini da ke ko da mun tsufa, mu sha gahawar jabana mu ƙarasa gardamarmu.

Taki, cikin fushi da ƙauna,
Hajara
Gadarif