Hotunan Inna da Ba Su Iso Kwatano Ba

Yaya Habsu,

Assalamu alaikum. Ina gajiyarku, ya mai gida, ya su Nana, ya zaman Kwatano? Mu nan Dakoro lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Tun ranar da kika ɗora mini tsohuwar ordinatarki, wato kwamfuta, a cinya kika shiga mota, ban koma yadda nake ba. Da littattafan soyayya kawai nake karantawa. Yanzu ni ma labarin gidanmu nake rubutawa, rubutu tsura, in mai da shi shafin intanet yadda kika koya mini.

Da na turo miki babi na farko, sai ga saƙonki: "Rabi, baƙin rubutu kawai nake gani, da akwatuna wayam." Wallahi sai da na yi kuka. A wajena komai ras: shafin shuɗi kamar zanen Inna, ga ta tana tankaɗen gero a gindin itacen bedi. Ashe rubutun kaɗai na tura. Hotunan da fishiyen, wato fayil ɗin da ke yi wa shafi kwalliya, suna kwance cikin ordinatar, shi ya sa ni kaɗai ke ganinsu. Mai gidana Isuhu har da dariya, wai na kai amarya ba kayan ɗaki.

Na san zan iya turo miki hoton ta waya. Amma shekara uku ba ki zauna tsakar gidan nan ba, so nake ki tarar da Inna cikin labarin, inda na zaunar da ita.

Ki gaida kowa, ki sa mu a addu'a. Gobe zan haɗa rubutu, hotuna da kwalliyar a dosiye guda, wato jakar fayiloli, in tura tare. Ba zan fara babi na biyu ba sai kin ce kin gan ta.

Ƙanwarki,
Rabi