Amfilifayar Ƙaninka Ba Ta Mutu Ba

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara baki ɗaya. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sassauta maka ciwon gwiwar nan da Anti ta ce ya dawo. Mu nan alhamdulillahi. Babba ta koma makaranta, Auta ya yi tsawo har ya fara sunkuyawa a ƙofar kicin, ni kuma ina nan a kan kekena, ɗinki bai yanke ba. Ƙaninka yana cin abinci, yana samun barci, ana kai shi gashin ƙashi asibiti, kuma ƙafar dama ta fara yarda ta ɗauki nauyinsa idan na tallafe shi. Hannun dama ne har yanzu yake kwance tun da ɓarin jikin ya shanye, Allah ya tashe shi.

Takardarka ta iso, na karanta ta a tsaye, na sake karanta ta a zaune. Ka ce ƙarshen wata za ka aiko da mota a ɗauke shi a kai shi gidanka, akwai ɗakin baya da wanda zai riƙa kula da shi, tunda ni nauyin ya fi ƙarfina. Ka ce kayan kiɗansa a rabar, domin Gwaggonku da ke zaune da mu ta gaya maka amfilifayar ta mutu, kuma ganinta ma tayar masa da hankali yake yi. Sannan ka ce, ai shi yanzu bai san inda yake ba, ko'ina aka ajiye shi ɗaya ne. Wannan maganar ta ƙarshe ita ta hana ni cin abinci ranar. Yaya, ban taɓa yi maka musu ba tun da aka kawo ni gidanku, amma yau zan yi. Kada ka aiko da motar nan. Ka yi haƙuri ka karanta dalilina har ƙarshe, in ya so ka yi fushin daga baya.

Ka dai tuna amfilifayar jitarsa, wadda yake kira Tsohuwa, akwatin nan mai nauyin tsiya da ya shigo da shi tun kafin a haifi Babba. Ba irin na yanzu ba ce da ake dannawa su kama nan take. Ita kwalaben gilashi ne a cikinta, masu kama da ƙwan lantarki, sai sun yi ja sun ɗauki ɗumi kafin a ɗaga makunni na biyu, sannan ta yi magana. Da ita ya ciyar da gidan nan, da ita kuma ya cika mini kunne shekara da shekaru. Na yi mita har na gaji. Amma mai ɗinki a falo ɗaya da makaɗi ko ba ta so sai ta koyi wani abu, domin duk ranar da Tsohuwa ta yi gardama ni ce mai riƙe masa tocila, shi kuma ba ya iya gyara bakinsa a rufe.

Da aka sallamo shi, likitar gashin ƙashi ta ce in ba hannun hagu abin da ya saba da shi. Sai na ɗauko jitar na ɗora masa a cinya. Wallahi Yaya, yatsun nan da kansu suka hau wayoyin, kowanne ya sami wurinsa, ba wanda ya nuna musu. To amma jitar lantarki in babu amfilifaya raɗa kawai take yi. Na yaye zanen da aka lulluɓe Tsohuwa da shi, na jona, na kunna. Fitila ta kama, kwalabe suka yi ja, na jira, na ɗaga makunni na biyu, na kaɗa waya. Shiru. Ko ɗan hucin nan da take yi kafin a taɓa jita babu. Sai ƙaninka ya hau dukan hannun kujera da hannun hagu, yana gurnani, idonsa ya kaɗa. Gwaggo tana zaune a wurin, ta miƙe tana salati, ta ce azabtar da shi nake yi, ina tuna masa abin da ya wuce masa har abada. Ta sa Auta ya ja akwatin zuwa baranda, ta ce muddin tana gidan ba zai sake shiga ɗakin ba. Daga nan ne ta kira ka.

Ni kuwa ban yarda ba. Na zauna da mutumin nan fiye da rabin rayuwata, na san fushinsa na baƙin ciki, na san fushinsa na an yi aiki ba daidai ba, kuma wanda na gani ranar na biyun ne. Don haka duk safiya, in na gama yi masa wanka na ba shi abinci, sai in fita baranda in tsuguna gaban Tsohuwa. Na bi ta yadda nake bin keke idan ya ƙi ɗinki, daga inda zare ya fito har inda ya shiga allura, ba tsallake. Na canza wayar da ke haɗa jita da akwati. Na ɗauko tsohuwar jitarsa ta bayan ƙofa na gwada. Na taɓa bakin wayar da ɗan yatsa, wanda da lafiyarta ƙalau sai ta yi gunji har maƙwabta su ji, ko tari ba ta yi ba. Na murɗa kowane maɓalli sama da ƙasa. Na leƙa kwalaben ɗaya bayan ɗaya, duk suna ja, babu wadda kanta ya yi fari kamar an shafa alli, wanda ya taɓa gaya mini alamar iska ta shiga ke nan. Da suka huce na sa tsumma na danna kowacce a mazauninta. Cikin ƙarfen ne kawai ban sa hannu ba, domin ya sha ja mini kunne cewa wuta tana kwanciya a can ko an zare filogi, kuma tana kisa. Gwaggo tana wucewa tana cewa tela ta zama injiniya, ni kuwa na yi kunnen uwar shegu da ita.

Da dabarata ta ƙare na kira Dogo mai gyaran rediyo na bakin titi. Mutumin kirki ne, kuma bai ɓoye mini ba, ya ce shi tun yana koyon aiki rabonsa da ganin mai kwalabe. Ya ciro fis guda biyu ya auna da mitarsa, duk lafiya lau. Ya zare wayar lasifika daga bayan akwatin, ya taɓa mata ɗan batir, lasifikar ta ce ƙwas, alamar tana da rai. Ya mayar da wayar ramin da ya same ta. Sai ya share gumi ya ce, tunda wuta tana shiga, lasifika tana da rai, amma babu sauti, to taransifomar da ke tsakaninsu ce ta ƙone, kuma irinta ba a samu. Shawararsa ita ce in bari ya kwashe kayan cikin gaba ɗaya ya dasa na zamani, akwati dai na nan, ba wanda zai gane. Na ce masa mai ita zai gane. Na ba shi ruwa ya sha, na raka shi ƙofa.

Washegari takardarka ta zo. Ban ɓoye maka ba, na yi kuka a kicin, amma ba kukan karaya ba ne, na takaici ne. Da gari ya waye na shimfiɗa tabarma, na kwantar da Tsohuwa a kai, na ja ta ni kaɗai har cikin ɗaki a kan idon Gwaggo. Ta ce ba ta hana ba? Na ce mata ta hana, na ji, amma ɗakin mijina ne. Na ɗora akwatin a kan benci, na juya bayansa wajen taga don in sami haske, kuma ka san kujerar ƙaninka a gindin tagar take. Ban yi tunanin komai ba, haske kawai nake nema. Na jona, na kunna, na jira ɗumi, na ɗaga makunni na biyu, na ɗauki jita zan kaɗa. Sai na ji murya a bayana an ce in kashe.

Yaya, watanni ke nan mutumin nan bai haɗa kalma ɗaya ba. Muryar ta fito a karkace, da nauyi, kamar ana jan buhu, amma kalmar ba ta da shakka, kashe ya ce. Gwaggo ta saki tsintsiyar hannunta. Ni ban san lokacin da na kashe ba. Da na waiga, ba ni yake kallo ba, bayan akwatin yake kallo, ya miƙa ɗan yatsan hagu yana nuni. Na fara taɓa abubuwa ɗaya ɗaya ina kallon fuskarsa. Na taɓa fis, ya girgiza kai. Na taɓa kwalba, ya yi mini irin tsakin nan nasa da ido. Na kama wayar lasifika, ya gyaɗa kai da ƙarfi, sannan ya karkata yatsan gefe. A nan na lura ashe ramuka biyu ne a jere, iri ɗaya sak, rubutun da ke kansu ya goge tun tuni. Na zare wayar daga na dama na soka ta a na hagu. Ya jingina da kujera ya saki ajiyar zuciya.

Gwaggo ce da kanta ta warware mana sauran. Ta ce lokacin da muke asibiti ta zo share ɗakin, ta tarar ɓera ya yi sheƙa a cikin akwatin ta baya, sai ta zare wayar ta kwashe dattin tas, ta goge, ta mayar da ita rami, ta lulluɓe da zane. Ta ce ita rami ta gani, rami kuma ta sa. Ban ga laifinta ba, ni ma da na yi kwana da kwanaki a tsugune ban gani ba, Dogo ma da hannunsa ya mayar da ita inda ya tarar. Ramin dama na ƙarin lasifika ne, ba ya aiki sai na hagu yana da waya. Kuma irin wannan amfilifayar, in aka kaɗa ta babu lasifika a inda ya dace, taransifomar tana iya ƙonewa da gaske. Abin da ƙaninka yake dukan kujera a kai ke nan tun ranar farko. Kunnensa ya ji babu huci, ya san hanyar lasifika a katse take, yana ce mana mu kashe kafin mu hallaka ta, mu kuma muka ce hankalinsa ya gushe. Da Dogo ya dawo ya duba, ya ce wani ɗan harshen ƙarfe da ke cikin ramin hagu ne ya tare ɓarnar, Allah ya kiyaye.

Na sake kunnawa. Hucin nan ya dawo, a hankali, kamar ruwa ya fara zafi a tukunya. Na ɗora masa jitar, ya danne wayoyi da hagunsa, na durƙusa gefensa na kaɗa da damata. Ba zan yi maka ƙarya in ce daɗi ya yi ba. Ni hannun almakashi gare ni, ina riga shi ko in makara, yana harara ta. Amma sautin ya cika ɗakin har gilashin taga yana rawa, kuma kalmarsa ta biyu a ranar ita ce in ƙara. Na ƙara. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga za ta yi ƙorafi, da ta ga wanda ke riƙe da jitar sai ta rufe baki da mayafi ta koma. Yanzu kullum bayan azahar muna yi, shi hagu ni dama, Gwaggo kuma ta ɗauki kujera tana zama a bakin ƙofa, wai don kada ɓera ya sake shiga.

Na san don ƙauna ka rubuta abin da ka rubuta, kuma gaskiyarka ne, na gaji. Bayana yana ciwo, akwai ranakun da nake ɗinki ina gyangyaɗi. Amma gajiyata tawa ce, ban kai ƙararta wurin kowa ba. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a yanke wa mutumin nan hukunci a kan kansa kamar ba ya nan. Shi ya sa jiya na zauna a gabansa na karanta masa takardarka, ban tsallake ko layi ɗaya ba, har da wurin da ka ce bai san inda yake ba. Ya saurara har ƙarshe. Na tambaye shi ko zai tafi. Ya daɗe yana kokawa da bakinsa, jijiyar wuyansa ta tashi, na so in taimaka masa ya ɗaga mini hannu in bari. Sannan ya ce a'a. Gwaggo tana wurin, ka tambaye ta.

In kana son ganinsa, ƙofa a buɗe take, ka zo da kanka ka zauna a gabansa ka yi masa tambayar, zai ba ka amsa. Amma direba kaɗai in ya zo, zan ba shi abinci ya ci, ya huta, ya juya da motarsa yadda ya zo da ita.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, ka ce ɗinkinta yana nan na kusa gamawa. Ka gaishe da Kawu, da Inna Ƙarama, da su 'Yan Biyu, da amaryar Babangida. Babba da Auta suna gaishe ku. Gwaggo ta ce a gaishe ka, kuma wai ka manta da abin da ta faɗa maka a waya. Allah ya bar zumunci, ya huci zuciyarka.

Ni ce matar ƙaninka,
Maman Babba